A Gaishe da Maigidan Haya

Hausawa sun ce wanda ya yi maka rana ba ka yi masa dare, amma ga shi shekaru suna ta tafiya ban ji wani marubuci namu ya tsaya ya gode wa manhajojin sauraron waƙa ta intanet yadda ya kamata ba. Spotify da Apple Music da YouTube Music da Deezer da Boomplay da Audiomack sun yi wa ɗan Adam hidimar da ba a taɓa yi masa irinta ba tun da aka fara naɗar murya, wato sun sauke masa nauyin mallakar abin da yake so. Yau zan biya wannan bashi a madadin kowa, mai karatu kuma ya taya ni da amin.

Ba a sanin daɗin sauƙi sai an tuna wuya, kuma yaran yanzu ba su san azabar da iyayensu suka sha ba. Mutum ya tashi takanas ya shiga Ƙofar Wambai a Kano, ko rumfar mai kaset ta bakin tashar garinsu, ya ce a sa masa na Shata ya ji. A danna, kalangu ya tashi, ya gyaɗa kai, a yi ciniki, ya biya sau ɗaya tak, ya jefa a aljihun gaba. Shi ke nan fa, magana ta ƙare. Babu mai biyo shi ƙarshen wata, babu mai tambayarsa lambar sirri, babu mai sanin sau nawa ya saurara ko a wane dare. Wannan wace irin rayuwa ce ta rashin mai kula? Kaset ɗin ya zame masa kaya. In maƙwabci ya zo aro sai ya ba shi, in aboki zai tafi Kurmi sai ya yi masa kyautarsa. In rikoda ta cinye zaren, ya zauna ya zaro shi a hankali, ya soka biro a ramin ya yi ta juyawa, in kuma ya tsinke ya ɗiga jan farcen maiɗakinsa ya liƙe. Rabin baiti ya tafi a daidai wurin, sauran waƙar tana nan. Bayan shekara 30 ɗansa ya buɗe kwali ya tarar da ita, da rubutun hannun mahaifinsa a jikin takardar, ya sa ta, ta yi magana. A dubi wahalar da aka ɗora wa yaron nan, a ce sai ya gaji abin da babansa ya so.

Ɗauki ya zo mana daga Suwidin. A 2006 Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa Spotify a birnin Stockholm, aka buɗe ta ga jama'a a 2008, ta iso Najeriya a watan Fabrairun 2021. Boomplay ta riga ta sauka, don tun 2015 ake sayar da wayoyin Tecno da ita a ciki. Tayin da suka zo da shi babu mai hankalin da zai ƙi: waƙa sama da miliyan 100 a tafin hannunka, dare da rana. Sharaɗin guda ɗaya ne, ɗan ƙanƙani, ko ɗaya daga cikinsu ba taka ba ce. Su ne masu gida, kai ɗan haya ne. Gidan kuwa ya amsa sunansa, ɗaki miliyan 100, ka kwana a wanda ka ga dama, sai dai ranar da ka kasa biya za ka fita da rigar da ka shigo da ita. Ba'amurken da ya yi shekara 10 yana ba da dala 9.99 kowane wata ya zuba kusan dala 1,200. Da a zamanin duhun kai ne, da yanzu ya cika kanta da faya-fayai, ya rasa inda zai sa ƙafa. Albarkacin maigida, ranar da ya daina biya ɗakinsa fes yake, ba abin sharewa, ba abin kaɗe ƙura. Ranka ya daɗe, wa ya isa ya yi wannan tsabta in ba kai ba?

Kada wani ya ce ai akwai maɓallin saukewa. Akwai shi mana, kuma a nan ne zumuncin maigida ya fi fitowa fili. Waƙar da ka sauke a Spotify da datarka aka jawo ta, a wayarka take cin wuri, amma a kulle take. Ba ta buɗuwa sai a cikin manhajar. Ba ka iya tura wa ƙaninka, ba ka iya juye ta a memori ka sa a rediyon mota. Sannan aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 sai ka hau intanet ka kai gaisuwa, a duba a ga ko kana nan kan biya. In ka yi nisan kiwo ba ka leƙo ba, ka wayi gari ka tarar an rufe ƙofa. Wasu suna kiran wannan rashin yarda, ni kuwa na ce kulawa ce. Wane mai kaset ne ya taɓa damuwa da ya gan ka duk wata?

Ba ya kuma barin kuɗin haya ya tsufa a wuri ɗaya, don kada ɗan haya ya sangarce. A Amurka dala 9.99 ta zama 10.99 a 2023, ta zama 11.99 a 2024. A Najeriya da Naira 900 aka fara, yanzu an bar nan a baya. Mu nan ma an fi gatanta mu, domin sau biyu muke biya: mu biya maigida, mu biya mai data, wanda shi ma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarje masa ƙarin kashi 50 cikin 100. Waƙar da ka ji jiya, in ba ka sauke ta ba kuma za ka sake ji yau, sai data ta sake tafiya. Wanda kuma ba shi da kuɗin wata ba a kore shi ba, an bar masa zaure kyauta, inda yana tsakiyar nishaɗi za a katse shi da talla, don kada ya manta cewa akwai abin saye a duniya.

Amma babbar baiwar maigida, wadda ta sa na ɗauki alƙalami, ita ce tarbiyya. Malamai sun shekara ɗaruruwa suna jan kunnenmu kada mu ɗora zuciya a kan abin duniya, mun ƙi ji. Shi a dare ɗaya yake karantar da darasin. Ranar 1 ga Maris 2021 masu son waƙoƙin Koriya ta Kudu a faɗin duniya suka farka suka tarar da jerin waƙoƙinsu ya zama kufai, saboda yarjejeniyar Spotify da kamfanin Kakao M ta ƙare ba a sabunta ba. Waƙoƙin IU da Epik High da wasu da yawa suka ɗauke. Sunan waƙar yana nan a jerinka, ya yi fari fat, ka danna ka sake dannawa, shiru. Ba ka yi laifin komai ba, kuɗinka na wata ya fita cas, manya ne kawai suka sami saɓani a wani ofis da ba ka san hanyarsa ba. Cikin mako biyu suka shirya, aka mayar. Masu son Neil Young kuwa sai da suka yi fiye da shekara biyu, daga Janairun 2022 da ya janye waƙoƙinsa zuwa Maris 2024 da ya dawo da su. Kada a ce abin na Turai da Asiya ne, mu ma an sanya mu a darasi. A Disambar 2024 kamfanin Sony ya kwashe kayansa daga Boomplay bisa rahoton jinkirin biyan haƙƙi, waƙoƙi da dama na Davido da Wizkid suka bi shi. Wanda yake da faifansu a gida bai ma san ana yi ba, ya ci gaba da sauraro cikin gafala. Ya yi asarar darasin haƙuri.

Wani lokaci ma gidan ne gaba ɗaya ake rushewa, don darasin ya ƙara shiga. Grooveshark ta rufe a Afrilun 2015. Microsoft ya tsayar da hayarsa ta Groove a ƙarshen 2017. Google Play Music, ɗiyar kamfanin da kowa ke ganin ba ya mutuwa, ta kwanta dama a ƙarshen 2020. MySpace ce dai ta ciri tuta. A Maris 2019 ta sanar cewa garin sauya rumbun ajiya ta yi asarar abin da jama'a suka ɗora mata daga 2003 zuwa 2015, wanda aka ƙiyasta ya kai waƙa miliyan 50 na mawaƙa miliyan 14. Aikin shekara 12 ke nan na 'yan Adam, aka share shi da takardar ban haƙuri. Da yawa daga cikin masu waƙoƙin ba su ajiye kwafi a gida ba, saboda sun yarda da abin da aka gaya musu, cewa intanet ba ta mantuwa. Wannan yarda tasu abar yabo ce, ina kuma kira ga mawaƙanmu su yi koyi da ita.

Har wanda ya yi taurin kai ya ce shi saye zai yi, ba a bar shi cikin ɓata ba. Mutanen da suka sayi waƙa a shagon MSN Music na Microsoft sun ji sanarwa a 2008 cewa za a kashe na'urar da ke ba da makullin waƙoƙin, ma'ana in kwamfutarka ta mutu ka sayi sabuwa, abin da ka biya ba zai buɗu ba. Sai da aka yi ca a kansu suka ɗage wa'adin. Spotify ita ma ta sayar wa Amurkawa wata 'yar na'ura ta mota mai suna Car Thing a kan dala 89.99, ranar 9 ga Disamba 2024 ta kashe ta daga nesa, duk da lafiyarta ƙalau, ta kuma ba masu ita shawarar yadda za su zubar da ita ba tare da ɓata muhalli ba. Ka ji kamfani mai tausayin ƙasa. Da aka yi ƙorafi ta buɗe hanyar mayar da kuɗi. 'Yan majalisar jihar Kalifoniya, da yake ba su san alheri ba, har doka suka yi, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025, wadda ta tilasta wa masu sayar da irin waɗannan kaya su fito fili su gaya wa mai saye in lasisi kawai ya karɓa. Ina amfanin tayar wa mutum hankali? Yana zaune lafiya yana zaton nasa ne, a bar shi mana.

Gado ma an raba mu da rigimarsa. Asusun da ka yi shekaru kana tara waƙa a ciki naka ne kai kaɗai, sharuɗɗan da ka danna wa amincewa ba tare da ka karanta ba sun hana a miƙa shi ga wani. Kamfanin Apple ya fito da tsarin da mutum zai naɗa wanda zai karɓi hotunansa da saƙonninsa bayan rasuwa, amma waƙoƙi da finafinai da littattafan da mamacin ya saya ba sa cikin rabon. Alƙalai sun huta, magada sun huta, ba mai cewa ni zan ɗauki na Ɗanƙwairo kai ka ɗauki na Ɗan Maraya. Mutum ya tafi, abin da kunnensa ya so ya bi shi.

Akwai kuma ranar da hanyar gidan take toshewa. A Afrilun 2022 Spotify ta dakatar da aiki a Rasha, mai sauraro a Mosko da bai harba ko harsashi ɗaya ba ya rasa jerin da ya yi shekaru yana shiryawa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Ghana da maƙwabtansu suka ɗanɗana. Mutanen Zamfara kuwa sun riga kowa sani, tun Satumbar 2021 da aka yanke layukan waya a jihar saboda 'yan bindiga, aka kuma bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Waƙa ita ce ƙaramar asarar waɗannan bayin Allah a lokacin, mutanen da ba sa iya jin muryar 'ya'yansu da ke nesa. Amma a cikin wannan ƙunci, wanda ya sami abin da zai ɗebe masa kewa da dare shi ne mai tsohon memori da mai kaset, wato waɗanda ake yi wa dariyar ƙauyanci. Wayayye mai asusun wata-wata ya zauna da waya mai tsada a hannu yana kallon gurbin sabis.

Kada mu manta da hidimar gyara. A da in mawaƙi ya saki waƙa ta fita ke nan, ko ya yi nadama tana hannun jama'a. Yanzu Kanye West ya saki kundin The Life of Pablo a 2016, ya yi ta komawa yana sauya shi bayan mutane sun riga sun saurara. Beyoncé ta cire wata kalma daga wata waƙarta a Agustan 2022 bayan masu buƙata ta musamman sun koka, kuma ta kyauta da ta saurare su. Sai dai ƙofar da aka buɗe don gyaran kalma ɗaya ita ce dai ake bi a ɗauke waƙa sukutum. A 2019 wata waƙar Jacky Cheung na Hong Kong, mai ishara ga kisan dandalin Tiananmen na 1989, ta ɓace daga Apple Music a ƙasar Sin. Ba a aika ɗan sanda gida-gida ba, ba a ƙona komai a bainar jama'a ba. Mu da muke da al'adar zambo da habaici da waƙar siyasa, mu da makaɗanmu suka saba faɗa wa mai mulki abin da bafade ba ya iya faɗa, ya kamata mu fi kowa murna. A da mai iko in waƙa ta dame shi sai ya bi kasuwa rumfa-rumfa, kuma ba zai taɓa gamawa ba. Yanzu takarda ɗaya zuwa ofis ɗaya ta wadatar. An rage wa hukuma wahala.

To mawaƙin fa, shi da ake cewa don shi aka yi duk wannan? An ce manhaja ta zo ta kashe satar fasaha, ta sa kowa ya ci guminsa. Bari mu ga yadda ake rabon. Kuɗinka na wata ba ya tafiya wurin wanda ka saurara. Ana tara na kowa a wuri ɗaya, kamfani ya ɗebi kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran a raba gwargwadon yawan sauraron da kowace waƙa ta samu a ƙasar. Ke nan dattijon da bai ji kowa ba duk wata sai wani mai kukuma ɗaya, mafi yawan kuɗinsa yana tafiya ga taurarin da bai taɓa jin sunansu ba. Abin da ya fito ma ba hannun mawaƙi yake faɗawa kai tsaye ba, sai ya bi ta kamfanin da ke riƙe da haƙƙin da dillalin da ya ɗora waƙar. Daga Afrilun 2024 aka ƙara inganta adalcin: a Spotify duk waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta da ko sisi, kasonta a ƙara wa waɗanda suka riga suka ƙoshi. Kamfanin ya ce a 2024 mawaƙan Najeriya sun samu sama da Naira biliyan 58 ta hannunsa. Madalla. Sai a je a tambayi mai kalangu da mai gurmi da mai shantu nawa ya iso ƙofar gidansu.

Maigida bai bar mawaƙa babu nasiha ba. A 2020 Daniel Ek ya gaya musu cewa zamanin fitar da kundi sau ɗaya a shekara uku ko huɗu ya wuce, sai su ƙara himma. Wanda ya kasa kuma akwai masu maye gurbinsa. 'Yar jarida Liz Pelly, a littafinta Mood Machine na 2025, ta bayyana yadda Spotify take cusa kiɗe-kiɗe masu arha, waɗanda aka yi kwangilarsu da sunayen mawaƙan da babu su, cikin jerin da jama'a suke kunnawa don barci ko karatu. Deezer ta faɗa da bakinta a Afrilun 2025 cewa kullum ana ɗora mata waƙa sama da 20,000 da na'ura ta ƙirƙira daga farko har ƙarshe. Wannan mawaƙi ba ya ciwo, ba ya neman kuɗin mota, ba shi da 'yan amshi da za a sallama. Arzikin da aka tara kuwa bai kwanta banza ba. A Yunin 2025 kamfanin zuba jari na Daniel Ek ya jagoranci sanya Yuro miliyan 600 a Helsing, wani kamfanin Jamus mai ƙera jiragen yaƙi marasa matuƙi, har wasu mawaƙa irin su Massive Attack suka nemi a cire waƙoƙinsu. Su ma dai butulci ne ya motsa su.

Duk da haka maigida bai taɓa gajiya da mu ba. Ya san waƙar da ka kunna da asuba, da wadda ka maimaita ranar da ranka ya ɓaci, ya rubuta ya ajiye. Ƙarshen shekara ya kawo maka lissafin cikin launuka masu kyau, kai kuma ka yaɗa wa duniya da hannunka. Har zaɓi ya ɗauke maka: kafin waƙa ta ƙare ya riga ya san ta gaba.

Na so in kai wannan yabo har ƙarshe, amma da na iso kan namu makaɗan sai harshena ya ƙi. Salihu Jankiɗi ya rasu a 1973, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Duk wanda ya taɓa neman muryar Narambaɗa ko Ɗan Anace a intanet ya san yadda take zuwa: da shuuu a bayanta, wani wuri ta yi ƙasa ta dawo, wani wuri a ji tarin wani mai sauraro ko guɗar wata mata da ta daɗe a ƙasa. Wannan shuuu ɗin shaida ce. Yana gaya maka cewa muryar ta fito ne daga faifan garmaho, ko zaren gidan rediyo, ko kaset ɗin wani mutum da ya je biki da rikodarsa a hammata ya danna jan maɓalli, ya kai gida ya adana shekara da shekaru. Ba wani kamfanin Stockholm da ya taka zuwa garuruwan makaɗan nan, Isa ko Maradun ko Funtuwa. Abin da muke da shi na waɗannan bayin Allah, muna da shi ne saboda wasu mutane sun mallaka sun ƙi rabuwa da shi. Makaɗin baka kuma ba ya yin waƙa sau biyu iri ɗaya. Bakandamiyar da Shata ya yi a wannan fage ba ita ce ta wancan fage ba, ya ƙara wani, ya rage wani, ya sako sunan wanda ya yi masa kyauta a daren. Kowane kaset tarihi ne mai zaman kansa. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da suka tattara waƙoƙin baka suka rubuta, da irin wannan ajiya suka yi aiki.

Yanzu ina muka kai wannan dukiya? Wani ya juye kaset ya ɗora a YouTube, muka ce alhamdulillahi an tsira, muka watsar da na hannunmu. Alhali a dokar YouTube ƙorafin haƙƙin mallaka uku ya isa a rufe tasha da duk abin da ke cikinta. Mai tashar ma yana iya rasuwa, ko lambar sirri ta ɓace masa. Ranar da haka ta faru, in babu kwafi a hannun kowa, muryar ta tafi ke nan, kuma ba kamfanin da zai yi asarar barci a kanta, tunda a lissafin Spotify ma waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 ba daidai take da babu.

Mun kuma san wata hanyar, don mu muka raya ta. Rumfar mai turi a bakin kasuwa, da tsohuwar kwamfutarsa da ɗan janareto yana kuka a gefe, ka miƙa memori ka ce a zuba maka na gargajiya da na fim, ya buɗe jaka bayan jaka, kowace da sunan mawaƙinta. Ta irin wannan hanya, daga waya zuwa waya, kundin farko na Mdou Moctar ɗan Nijar, wanda ya naɗa a Sakkwato a 2008, ya ratsa Sahara, har wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sa waƙarsa a tarin da ya fitar a 2011, duniya ta san shi. Ba na wanke masu turi. Da yawansu sun ci gumin mawaƙa ba su ba su ko kwabo ba, kuma wannan zalunci ne da ya durƙusar da mutane masu iyali. Amma maganinsa a biya mawaƙi, ba a ƙwace waƙar daga hannun kowa a damƙa wa baƙo makulli ba. Hanyar biya tana nan. Tun 2009 waƙoƙin da ake saye a shagon iTunes ba su da kulle. A Bandcamp kana saye ka sauke abinka, shagon ya ɗauki kashi 15 cikin 100, sauran, bayan kuɗin aikawa, ya tafi ga mai waƙa. A Amurka, inda hayar ta fi kafuwa, an sayi faifan garmaho miliyan 41 a 2022, ya zarce na CD a karon farko tun 1987. Mutanen da suka riga mu shiga gidan sun fara sayen fili.

Ban ce kowa ya goge manhaja daga wayarsa ba. Wurin jin sabon abu ce, a ji a wuce. Amma waƙar da ka san in ta ɓace za ka ji ciwo, kada ka bar ta a can. In akwai dattijo a unguwarku mai tarin kaset, ku je ku same shi tun yana da ƙarfin gaya muku wa ke waƙar, a gidan wa aka yi ta, a wace shekara. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da damshi, a juye shi a kwamfuta, a rubuta bayanin a jikin kowace waƙa, a ajiye kwafi biyu a gida biyu, a kai na uku jami'a ko gidan rediyo. Mawaƙan da ke raye kuma su daina ɗora aikinsu a intanet ba tare da sun riƙe asalinsa a hannu ba, su kuma buɗe mana hanyar saye kai tsaye. Kai mai sauraro, in ka sami wannan hanya, ka biya mutumin nan kuɗinsa cikakke, ka karɓi waƙarka ka ajiye.